Rasuwar Domnica, Bindigar Pamfil Oancea

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har wuya, da kunnen dama da bai daina ƙugi ba, Pamfil Oancea na gidan ƙarshe a hanyar dutse, ƙauyen Poiana, yana sanar da 'yan'uwa, surukai, maƙwabta da ɗaukacin 'yan ƙungiyar mafarauta rasuwar bindigarsa Domnica, wadda ta riga mu gidan gaskiya da hantsin Asabar ɗin da ta wuce, a bakin gonar masararsa, tana da shekara sittin da ɗaya a duniya. A hannunsa ta cika, kuma saura ƙiris ta tafi da shi.

Marigayiyar ta shigo gidan Oancea ne a hannun mahaifin Pamfil, marigayi Gherasim mai gadin daji. Shi ya raɗa mata sunan gwaggonsa, wata tsohuwa da ba ta cika magana ba, amma in ta yi sau ɗaya babu mai ƙarawa. Domnica ta gaji wannan hali. Ba ta taɓa kallon ɗan Adam da bakinta ba, ko a shekarar da aka yi rigimar iyakar makiyaya da mutanen ƙetaren rafi. Ba ta taɓa kuskure ba, sai dai mai riƙe da ita ya yi, kuma ta rufa wa Pamfil asiri a kan wannan fiye da sau ɗaya. Aladen dajin da aka ci a bikin 'ya'yansa mata biyu ita ta kawo su, haka wanda aka gasa ranar da aka sa wa coci sabon rufi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da ita a layin farauta ya san muryarta: in aka ja sakatarta baya ta ce ƙaras, in aka mayar aka kulle ta ce ƙwas. Karnukan ƙauyen nan da wannan ƙaras-ƙwas suka yi wayo.

Ciwon ajalinta ya fara ne a watan Agusta, a hankali, kamar na kowace tsohuwa. Sakatar ta soma cijewa. In aka harba, kwanson harsashi ya ƙi fita sai an sa tsinken wuƙa an zaƙulo shi. A daidai lokacin kuma aladen daji suka gano gonar Pamfil, wadda ta fi kowace gona kusa da kurmi. Kullum da safe ya je sai ya tarar an kwantar masa da layi biyu ko uku. Masarar nan ita ce tuwon gidan, ita ce abincin saniya da kaji har bazara. Ƙungiya ta samo izinin kora, wato farautar da ake taso aladen daga kurmi zuwa inda maharba ke jira, aka sa ranar Asabar ta uku a watan Satumba. Sai Pamfil ya naɗe mara lafiya a bargo, ya kai ta wurin Baba Ilarie.

Wanda bai san Baba Ilarie ba, maƙerin bindiga ne mai shekara saba'in da tara da ke bayan tsohon injin niƙa. A duk faɗin kwarin nan babu hannu kamar nasa, babu kuma baki kamar nasa. Ba shi da waya, ba ya amsa gaisuwa in yana aiki, kuma kullum aiki yake yi. Ranar da Pamfil ya je akwai mutum biyu daga ƙetaren rafi suna jira. A gabansu tsohon ya zare sakatar, ya kai hanci ya shinshina, ya tambayi Pamfil ko kitsen alade yake shafa mata. Pamfil ya ce man bindiga ne na kanti.

"Ubanka ya fi ka hankali," in ji Baba Ilarie, "shi ma kuma ba wani hankalin kirki gare shi ba."

Ya ce tsohon mai ne ya daskare a ciki, sannan ɗan farcen ƙarfen da ke fizgo kwanso ya cinye. Irinsa an daina yi tun kafin a haifi masu sayar da kayan gyara na yanzu, sai dai a ƙera da hannu. Ya ce a bar ta, a dawo bayan idin waliyyi Dumitru, wato ƙarshen Oktoba. Pamfil ya tuna masa da masara, da ranar kora, cikin ladabi, hularsa a hannu.

"Ni maƙeri ne, ba karen gadin gonarka ba."

Mutanen ƙetaren rafi suka yi dariya. Pamfil yana da shekara hamsin da takwas, yana da jikoki, ya yi shugabancin ƙungiyar mafarauta har sau biyu. Ya sa hularsa, ya mayar da Domnica cikin bargonta, ya fita bai yi sallama ba. Ya shaida wa matarsa Veturia cewa ko bindigar za ta mutu ba zai sake taka ƙofar tsohon nan ba. Allah ya ji rabin maganar.

Washegari ya shiga motar safe zuwa cikin gari, inda wani matashi mai suna Darius ya buɗe sabon shagon kayan farauta. A nan gaskiya ba za a ɓoye ta ba ko a takardar makoki: tun da Pamfil yake, ba a taɓa karɓarsa kamar yadda aka karɓe shi a shagon nan ba. Darius ya fito daga bayan kanta ya ba shi hannu biyu. Ya kawo masa kofi a ƙaramin kofi mai faranti. Kowace jimla da Yallaɓai take farawa. Ya sa farar safar hannu kafin ya taɓa Domnica, ya ce wannan ai kayan tarihi ce, ya nemi izini ya ɗauke ta hoto. Da Pamfil ya ba shi labarin abin da aka yi masa, sai ya girgiza kai cikin jimami, ya ce tsofaffin nan suna da ƙoƙari amma zamani ya wuce su, sakata mai cijewa ai goge ta ake yi da inji, kwana uku an gama.

Kwana ukun nan Pamfil ya yi su cikin gata. Kowace safiya saƙo ya shigo wayarsa: an karɓi Domnica lafiya, Domnica tana samun kulawa, Domnica tana ɗokin komawa gida. Ya riƙa karanta wa mutane a ƙofar kantin ƙauye. Rana ta huɗu aka miƙo masa ita a cikin kwali, da kyautar hula mai sunan shagon a goshi. Sakatar tana sheƙi kamar cokalin amarya, tana zamewa da ɗan yatsa ɗaya. Sai dai babu ƙaras, babu ƙwas. Shiru take shiga, shiru take fita. Veturia, wadda ta shekara talatin da biyar tana jin wannan ƙara daga ɗakin girki, ta ce ita dai shirun nan bai kwanta mata ba, ya daure ya nuna wa Baba Ilarie kafin Asabar. Pamfil ya ce mata wannan shi ake kira aikin zamani.

Ranar kora aka ba shi wuri mafi kyau, a kusurwar gonarsa, tunda shi aka fi yi wa ɓarna. Yana sanye da sabuwar hular. Masu kora suka taso da ihu da karnuka daga cikin kurmi, can sai ga wani ƙaton alade namiji mai haure ya ɓullo taku arba'in daga inda yake, ya tsaya, ya ba shi kafaɗa kamar an roƙe shi. Pamfil ya saita, ya ja kunama. Maganar Domnica ta ƙarshe ba irin wadda aka sani ba ce. Maimakon ta fita ta gaba, ta baya ta fito. Kwanson ya fashe a cikinta, sakatar ta tsage, ƙotar katakon da hannun uba da na ɗa suka lailaye ta rabe biyu. Pamfil ya tsinci kansa zaune a cikin karan masara, babu girar dama, fuska duk baƙin hayaƙi, jini na bin kunci. Likitan da ya ɗinke shi ya ce da ƙarfen ya matsa faɗin ɗan yatsa, da ido ya tafi. Aladen kuwa, waɗanda suka gani sun ce bai ma yi gudu ba. Tafiya ya yi.

Ran Litinin Pamfil ya karya rantsuwarsa, ya ɗauki bargon ya nufi bayan injin niƙa. Baba Ilarie ya buɗe, ya duba. Daga nan ya cire hularsa ya ajiye a kan teburin aiki, abin da ko a coci sai an tuna masa. A nan Pamfil ya tabbatar babu sauran rai. Tsohon ya nuna masa haƙora biyun da ke riƙe sakata in an kulle, waɗanda su ne ke tsakanin wuta da fuskar maharbi. An ci su da inji har sun yi sulɓi, domin a samu laushin hannu. Farcen da ke ciwo tun farko kuwa ko taɓa shi ba a yi ba, goge shi kawai aka yi ya yi kyau.

Sai ya jawo aljihun tebur ya fito da wani ɗan ƙarfe da bai kai ɗan yatsa ba, ya ajiye a tafin hannun Pamfil. Sabon farce ne, an gama shi tsaf. Ashe tun yammacin ranar da Pamfil ya yi fushi ya fara ƙera shi, da awon da ya ɗauka da ido, ya kammala cikin kwana shida.

"Na san za ka dawo," ya ce. "Ban san gawa za ka kawo mini ba."

Pamfil ya tambaye shi, to me ya sa ya ce sai ƙarshen Oktoba. Tsohon ya ce kowa haka yake ce masa, don kada a dame shi da sintiri.

"Baba Ilarie, da ka buɗe baki ka yi mini magana kamar mutum, da tana nan."

"Da ka iya haɗiye zagi ɗaya, da tana nan."

Suka tsaya kowa na kallon bargon, domin dukansu biyu sun faɗi gaskiya kuma babu wanda gaskiyar ta yi wa amfani. Pamfil ya ce shi ba ciwon fuska ya dame shi ba. Abin da ya tsaya masa shi ne, ubansa ya bar masa abu ɗaya tak da ya ce a kula da shi, shi kuma ya musanya shi da kofi ɗaya da Yallaɓai. Ya yi kuka a gaban tsohon, tsohon kuma bai zage shi ba, sai da ya ga zai share hanci da tsumman goge ƙarfe.

Iyalan mamaciyar suna godiya ga Darius, wanda ya ɗauki waya a bugu na farko, ya ce hankalinsa ya yi matuƙar tashi, ya fahimci yadda Yallaɓai yake ji, tsofaffin bindigogi dama ba su da tabbas, kuma akwai sababbi masu kyau da suka iso a makon nan. Suna kuma sanar da shi cewa saƙon da ya biyo baya, mai tambayar taurari nawa za a ba shagon daga ɗaya zuwa biyar, ya iso lafiya, kuma surukin Pamfil da ke aikin lauya a cikin gari shi zai kawo amsar da hannunsa.

Domnica ta rasu ta bar mai ita, Pamfil, da igiyar rataya ta fata wadda Gherasim ya ɗinka, da harsasai goma sha bakwai marayu da babu wata bindiga a ƙauyen da suka yi wa daidai. Ta bar tsohon kare Haiduc, wanda har yau in an taɓa ƙofar kabad ɗin da ake ajiye ta sai ya miƙe yana kaɗa wutsiya. Ta bar kusan rabin gonar masara, sauran rabin kuma yana cikin tumbin waɗanda suka fi kowa murnar wannan rashi.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe a harabar ofishin 'yan sanda na cikin gari, inda za a soke sunanta daga takardar izini, a sa hannu, a yanka ta gida uku da zarto. Fada Visarion, limamin coci, ya nemi a yi masa uzuri, ya ce marigayiyar ba ta da baftisma, amma zai zo cin abinci. Masu rakiya su haɗu a ƙofar kantin ƙauye don motar ƙarfe takwas, kuma ana roƙon mutanen ƙetaren rafi su yi ta'aziyyarsu daga gida. Bayan an dawo, Veturia za ta raba dafaffiyar alkama mai zaƙi da barasar gida, da tuwon masara da naman kaza, saboda dalilin da kowa ya sani.

Masu son yi wa Pamfil gaisuwa su yi ta kafin azahar. Ƙanin Veturia ya ba shi aron wata tsohuwar bindiga don korar mako mai zuwa, kuma ya ce ba zai kai ta kusa da fuskarsa ba sai Baba Ilarie ya duba. Tsohon ya ce ya zo da ƙarfe biyu ya jira, wataƙila ya samu lokacinsa, wataƙila kuma a'a. Pamfil zai tafi da kujerarsa daga gida, domin a can ba a ba kowa wurin zama.