Direban da Ya Ga Motarsa Na Sulalewa

Wani direban motar haya ne, Sallau, wanda duk tasha an san ba a kayar da shi a magana, aka gurfanar gaban alƙali. Ranar kasuwa cunkoso ya tsayar da shi a kan wani ɗan hawa, tankar mai a gefensa, gabansa kuma akori-kura shaƙe da ƙwai, mai kayan na zaune a ƙolin lodi. Tankar na fara gusawa gaba sai Sallau ya ga motarsa na sulalewa baya. Ya danna birki, bai ga ta tsaya ba, sai ya take totur iya ƙarfinsa. Ashe tun farko ko motsi motar ba ta yi ba. Ya daki akori-kurar, ƙwai ya malale titi, mai kayan ya faɗo ya karye a hannu.

Alƙali ya ce, "Sallau, tuƙin ganganci ake tuhumarka da shi. Me za ka ce?"

Sallau ya gyara hula. "Allah ya gafarta Malam, ni ban yi ganganci ba. Har likitan ido na je na tambaya. Ya ce in babban abu ya cika maka ido yana tafiya, ƙwaƙwalwa ba ta yarda cewa shi ke motsi, sai ta ce kai ne. Kowa haka Allah ya yi shi. Kai kanka, ba ka taɓa zama a jirgin ƙasa, na kusa da ku ya tashi, ka ɗauka naku ne ba?"

Alƙali ya ce, "Ya taɓa faruwa da ni, har addu'ar tafiya na karanta."

"To ka gani! Ashe ni da kai duk jirgi ɗaya ya kwaso mu. In za a ɗaure ni, sai dai a haɗa da kai."

Kotu ta kwashe da dariya, ban da mai ƙwai. Alƙali ya bari aka lafa, ya cire tabarau.

"Wata uku a gidan kaso. Amma kar ka damu, zan sa a ba ka ɗaki mai taga bakin titi. Ka dinga kallon motoci na wucewa, ita ƙwaƙwalwar taka za ta ce maka kana hanyar gida."