Saniyar Zuwaira da Lakwal ta Kuɗi

"Lahiya lau, tsohuwa. Ina gajiya? Ina haƙora, in akwai saura?"

"Akwai wanda ya isa in cije ka. Shigo, maigida. Mazan mutane sun dawo daga gona, nawa yanzu ya wanke ido."

Muttaƙa ya tsuguna a bakin ɗakin kakarsa Zuwaira, a Tajaye. Ranar kasuwar Illela ce, kuma ita ta aika a kira shi. A gindin bishiya saniyarta ja tana tsaye tana tuƙa. Ita kaɗai ta rage cikin shanun gidan, da nononta ake dama furar kowa. Zuwaira ta yanke shawarar sayar da ita, a sa Wasila, ƙanwar Muttaƙa, a lakwal piribe, wato makarantar kuɗi, ta Birnin Konni, irin wadda masu hali ke kai 'ya'yansu.

"Ja ta ka kai kasuwa," in ji ta. "Tunda karatu bai kai ka banki ba, ya kai ka kara."

"Ni mai lisans na jami'a in ja saniya? Ki bari a ji cikin gari."

"An riga an ji. An ce ka tahi Yamai da kwat ta aro, ka dawo da kwat ta aro, ko ƙulli na goro ba ka riƙo ma matarka ba."

"Goro da wane haƙori? Sai dai in daka miki a turmi."

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Bai daɗe da dawowa ba. Wani banki ne ya kira shi ganawa don aiki. Mutum uku a bayan tebur, ɗaki da sanyi. Na tsakiya ya tambaye shi wace lakwal ya yi, da ya ce ta gwamnati a Illela, sai mutumin ya yi ɗan murmushi ya dubi na kusa da shi. Ba wanda ya faɗa masa baƙar magana. Amma daga nan Faransancin ya ƙi fitowa daga bakinsa. Daga baya ya ji cewa yawancin waɗanda aka ɗauka 'yan piribe ne.

"Tsohuwa, wa ya ce miki sai an yi piribe ake arziki?"

"Idona. Ga ka nan tsugune."

"To, Alhaji Alkasum na Galmi fa? Motocin albasarsa har Abijan. Wace piribe ya yi? Sunansa ma da yatsa yake dangwala shi."

"Madalla da ka kawo shi da bakinka. 'Ya'yansa ina suke? Duk Yamai, lakwal ta kuɗi. Mutumin da ke ja-in-ja kan albasa ɗaya, ka ga zai zuba dukiya inda ba riba?"

"Ba piribe ta ba su kuɗi ba, kuɗi suka ba su piribe. Babban ɗansa da ya gama, kin san aikinsa? Shan shayi bakin shagon uban."

"Shayi da madara dai. Kai naka ko sukari sai ka roƙa."

"Allah ya gyara rimi, ceɗiya ta bar fushi. Mu ba mu da albasa, saniya ɗaya muke da ita. Kuɗinta shekara guda za su biya. Baɗi mi za ki sayar? Ƙafarki mai ciwo?"

"In sayar da kai."

"Ganin hadari ke nan, kin yi wanka da kashi."

"Kai da ka yi wanka da sabulu, ina ruwan?"

Muttaƙa ya sunkuya. Ya tsinci wani kara yana zane a ƙasa. Abin da ya dame shi, bai tabbata tsohuwar ta yi kuskure ba. Shi ma ya sha tunanin da a ce ya zauna aji ɗaya da waɗancan yaran, da bakinsa bai mutu ba ranar. Kuma ba ya son wata rana Wasila ta tsaya gaban irin teburin nan a yi mata irin murmushin nan. Amma ya san yadda gidan zai koma in rani ya tsananta babu nono.

Zuwaira ta dube shi ta gefen ido, ta ci gaba da tsintar wake.

"Ka mutu ne? In ka mutu faɗa mini in shiga takaba, akwai masu jira."

"Wa ke jiran ki, in ba mai haƙar kabari ba?"

Ya miƙe, ya je ya kwance saniyar daga turke. Ta biyo shi ba gardama. Har ya kai bakin zaure sai tsohuwar ta ɗaga murya.

"Kai, mai lisans! In an yi ciniki ka kwance igiyata ka dawo da ita. Mai saye ya zo da tasa."

"Wannan tsummar igiyar?"

"Ba a koya muku ba a jami'a? Ba a sayar da dabba da igiyarta. Arzikin gida a jikinta yake. Ka bar ta ta tahi, ka bar turke ya mutu."

Muttaƙa ya tsaya cak, ya juyo.

"Sake faɗi in ji. Arziki ina yake?"

"A igiya."

"To mi ya kai mu Konni? Ga arziki a hannuna. A ɗaura ma Wasila a ƙugu, ta koma lakwal ɗinta ta gwamnati, saniya ta koma turke. Ni ma da kin ba ni ita na tahi Yamai, da yanzu ni ke da bankin."

"Ɗan banza! Da kai aka ɗaure a bakin ƙofa."

"Kuma ban da haka, tun ɗazu kina kira na maigida. Wace mata ke fitar da dabba daga gida ba da yardar mijinta ba? Ban yarda ba. In kin ƙi, mu je gun liman."

Zuwaira ta ajiye faifai. Kafaɗunta suka fara rawa don dariya, ta rufe baki da gefen zane.

"To, maigida, yarinyar fa? Haka za ta tashi da Faransanci mai ɗingishi irin naka?"

"Nawa ba ya ɗingishi, tsoro ya ji. Abin da ake koyarwa a piribe na san shi. Ki ba ni zauren nan da tabarma, kullum in ta taso lakwal mu zauna. Ba ni da wani aiki, kin fi kowa sani."

Sai da ya faɗa ya ji nauyin maganar. Bai janye ba.

Tsohuwar ta dubi saniyar. Sannan ta jawo ƙwaryar nonon safe ta tura masa da ƙafa.

"Mai da ta turke. Ga albashinka, darakta, kar ka ce na ci haƙƙinka. Amma in Wasila ta faɗi jarrabawa, kai zan ja zuwa kara."

"Wa zai saye ni?"

"Babu," in ji ta tana share hawayen dariya. "In sayar da akuya, in ba da kai gyara."