Takardar Bangon Tsoho Mwaipopo

"Ina kwana, tsohon miji? Ashe ka kwana da rai."

"Na kwana da rai don in ba ki haushi. Ke fa, ina kika kwana, matar da ake nema da fitila?"

"A ɗakina mana. Minsharinka ne ya hana ka jin motsina."

A haka na tarar da su ran Asabar ɗin nan da na je karɓar madara. Tsoho Mwaipopo maƙwabcinmu ne a gangaren Tukuyu. An kwana ana ruwa, ganyen ayaba sai ɗiga yake, shi kuwa yana tsugune yana tatsar saniyarsa. Jikarsa Tusekile, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar kakarta, tana tsaye a kansa da wasu fararen takardu a hannu. Ta samu aikin koyarwa a Songea, washegari za ta tafi. Abin da ya hana ta sukuni shi ne, a watan da ya wuce tsohon ya yanke jiki ya faɗi a gona, saboda ya daina shan maganin hawan jini. Ɗansa, uban Tusekile, ya bugo waya daga Dar es Salaam ya ce in aka sake haka, zai sayar da saniyar ya ɗauke tsohon ya koma da shi birni.

Tsohon ya ɗago kai ya dubi takardun. "Mene ne wannan kuma? Takardar saki kika rubuto wa kanki?"

"Da na samu haka ai da na yi rawa. Jadawali ne. A waya na samo shi, na je gari aka buga mini da manyan baƙaƙe saboda idonka ya zama na ado."

"Idon da ya zaɓo kakarki cikin 'yammatan coci guda? Miƙo in gani." Ya goge hannu a wando ya karɓa, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. "Dara kika kawo mini ba 'ya'ya?"

"Kowane gida rana ɗaya ne. Kowace takarda wata guda."

"Ni kaburbura na gani an jera. Wanne ne nawa a ciki?"

"Wanda duk ka tsallake ba ka sha magani ba."

Ya kwashe da dariya har saniyar ta waigo. Ya ce da ni, "Maman Lusajo, kin ji irin matan zamani? Za ta gudu ta bar ni da takarda. Takarda ce za ta dafa mini ayaba da nama? Ita za ta sosa mini baya?"

"Ita dai ba za ta gaji da surutunka ba," in ji Tusekile. Ta durƙusa kusa da shi tana nuna masa da yatsa. "Duba nan. In ka sha ƙwayar safe, ka ja layi a gidan ranar. Wannan da na yi wa ja, ranar asibiti ce. Wannan ranar zuwan likitan dabbobi. Laraba-Laraba koyon waƙar coci, ko da yake da za ka manta da wannan, da jama'a sun gode mini."

"Kaina ya fi wannan takarda. Ba abin da na taɓa mantawa. Ranar da aka haife ki ma ina sane, Talata ce, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, kika fito da kunnuwa kamar na jemage."

"Yayata ce wannan. Ni ran Juma'a aka haife ni, da rani."

"To kunnuwan fa, a ina kika samo su?"

"Gado ne. Ka taɓa naka ka ji."

Tsohon ya kai hannu kunne kafin ya ankara, ni kuwa na kasa riƙe dariya.

Ya ce, "Yarinya, abin da babba ya hango yana zaune, ke ko kin hau dutsen Rungwe ba za ki gani ba."

"Shi ya sa ka hango ƙasa ka rungume ta a gona?"

"Jijiyar ayaba nake dubawa."

"Da hanci?"

"Manomin kirki da hanci yake gane ƙasa mai kyau. Kuma ƙwayar nan taku ba magani ba ce, fitina ce. In na sha, sai in wuni ina zagaya bayan ɗaki kamar akuya mai sabon ciki."

"Gara ka zagaya da ƙafarka da a zagaya da kai a kafaɗa." Ta juyo gare ni. "Maman Lusajo, tsakaninki da Allah, ran Laraba da wace takarda ya naɗe miki ƙwai?"

Na so in yi shiru, amma ta kafe ni da ido. Na ce, "Wata ce mai gida-gida irin wannan."

"Ka ji! Ta gwaji ce na ba shi ya saba da ita."

"To ai na yi amfani da ita," in ji tsohon. "Ko ƙwai ɗaya bai fashe ba. Wata guda cur na ba maƙwabciya kyauta, wa ya taɓa yin irin wannan alheri a garin nan?"

Tusekile ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta tattara takardun ta ɗora a cinya.

"Kaka, ni ce na tarar da kai ranar nan, fuskarka cikin laka. Na kira ka, na kira ka, ba ka amsa ba. Baba kuma ba wasa yake yi ba, har ya sa an gyara maka ɗaki a saman bene. Ba gona, ba saniya, ba wanda ya san ka balle ka zage shi ya rama. In ka ƙi wannan takarda, ni ba zan iya tafiya ba. Sai in buga musu waya in ce su ba wani aikin."

Tsohon ya ci gaba da tatsa. Ba ka jin komai sai ƙarar madara a bokiti. Can ya yi gyaran murya.

"Ki zauna? Ki ci gaba da ƙona mini tuwon ugali har in mutu? A'a, tafi can ki ƙona na mutanen Songea. A ina za a manna abin?"

"A ɗakinka, saman gado."

"Kin ga wautar 'yan boko. Me nake yi a ɗaki da safe? A ƙofar garken nan za a kafa ta. Wannan baiwar Allah ba ta taɓa barin gari ya waye ba ta kira ni ba. Kwalbar maganin ma a rataye ta jikin ƙusar bokiti."

"Ashe akwai sauran ƙwaƙwalwa a ƙoƙon nan."

"Da tsohuwar zuma ake magani."

"Ita zumar ba a tarar da ita kwance a gona."

Ta shiga ɗaki ta fito da leda mai haske ta zura takardar watan a ciki saboda feshin ruwa, ta kafa ta a ƙyauren garken. Ta ɗaure biro da igiya ta rataye a gefe.

"Har biron ma sai an ɗaure shi? Me ya sata?"

"Shi bai saci komai ba. Kai ne ɓarawon biro, aljihunka ya cinye na gidan nan kaf. Kuma duk Lahadi Maman Lusajo za ta ɗauki hoton takardar ta turo mini."

"Wato kin naɗa mini 'yar sanda. Maman Lusajo, daga yau madararki rabi ruwa."

"Da ma can fa?" na ce.

"Kun haɗa baki!" Ya miƙe da ƙyar, ya matsa kusa da ƙyauren yana ƙanƙance ido. Ya bi gidajen da yatsa har ƙasa. "Likita na nan. Saniya na nan. Fasto ma ya samu gida. Ke ina naki? Ko an taɓa jadawalin miji ba ranar ganin matarsa?"

Tusekile ta matso kusa da ƙyauren. Ta ɗauki biron ta rubuta sunanta a kowace Lahadi, ta ce ranar waya ce. Ta zaro takardar watan hutun makaranta ta zagaye rana ɗaya, ta ce ranar zuwanta gida ce.

"Ki rubuta da kyau," in ji shi, "kada in karanta in zaci sunan maganin tsutsa ne." Ya ciro ƙwaya ɗaya ya jefa a baki, ya kora da madara mai ɗumi, ya ja layi mai kauri a gidan Asabar. "Malama, nawa na ci?"

"Ɗaya bisa talatin. Ka faɗi."

"To ke da kika ci, nuna mini naki jadawalin."

"Ni ba na bukata, ai ni yarinya ce."

"Madalla. Ƙarfe nawa motarku za ta tashi gobe?"

"Da sassafe."

"Tikitin fa?"

Tusekile ta zabura. Ta dafe kai da hannu biyu. "Wayyo! Jiya na je gari don tikitin, sai na tsaya wajen buga takardun nan..."

Tsohon ya yi dariya har sai da ya dafa saniya. "Maman Lusajo, ki zama shaida! Mai tsara wa mutane wata guda ta kasa tsara gobenta. Ba a fafe gora ranar tafiya, amarya. Maza ki tari ɗan acaɓa kafin kujeru su ƙare."

"Na yarda, ka ci wannan," ta ce tana neman takalminta.

"Tsaya." Ya kwance tsohon agogon da ke hannunsa, ya kama hannunta ya ɗaura mata da kansa, ya daɗe yana fama da maɗaurin. "Malama ba ta shiga aji a makare."

Ta kai shi kunne, ta girgiza, idonta ya ciko. "Kaka, wannan ai ya tsaya."

"Tun bara. Ki sai masa batir, ai kin kusa fara ɗaukar albashi. Komai sai miji ya yi miki?"

Ta fita da gudu tana dariya tana share ido. Ta samu kujerar ƙarshe, can baya kan taya. Tsohon kuwa har yau yana gonarsa, duk Lahadi in na ɗaga waya zan ɗauki takardar, sai ya gyara hula ya tsaya a gabanta, wai a tura wa yarinyar nan ta ga abin da ta bari.