Ɗan Juma da Kifin Hajiya Zenaba

"Ni kifi na hango ni yake yin sallama," in ji Ɗan Juma. "Kakana, Allah ya jiƙansa, in ya tsaya bakin kogi ya yi gyaran murya, giwan ruwa da kansa ke leƙowa ya tambaya ko da aike. To a hannun wannan mutumin na tashi."

Ka ji fa, abokina. A gidan suna ya faɗi haka, a wani tsohon bene na unguwar Goutte d'Or da ke birnin Paris, bakinsa cike da soyayyen kifi. Duk wanda ya san unguwarsu a Damagaram zai gaya maka cewa ruwa mafi girma da kakan nan ya taɓa tsayawa a bakinsa shi ne kududdufin da ake ɗibar ƙasar gini, shi ma sai damina ta yi kyau. Amma a yi wa mutum adalci: kifi kam ya bi ta hannun Ɗan Juma, ba iyaka. Shekara da shekaru yana tura amalanke a Rungis, babbar kasuwar kayan abinci ta bayan garin Paris, ɓangaren masu kifi. Sai dai duk wanda ya taɓa gani a kwance ya same shi cikin kwali, ƙanƙara ta rufe shi, ido a buɗe, ba ya gardama da kowa.

Wadda ta soya kifin sunan tana zaune tana jinsa. Hajiya Zenaba ce, mutuniyar Cadi, mai ɗan gidan abinci a Lyon. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗan Juma kuwa gwauro ne da gemunsa ya fara furfura, ya jima yana aika mata gaisuwa ta waya, tana amsa masa da "lafiya lau" kurum.

Ta goge hannu ta ce, "Malam Ɗan Juma, ubana masunci ne a bakin tafkin Cadi. Tun da na baro gida ban ƙara ganin namiji ya ciro kifi daga ruwa da hannunsa ba. Ka zo Lyon ka ciro ɗaya a gabana. In na gani da idona, ka je ka gaida yayana Umar Faruk da maganar nan da kake ta kewaye-kewaye a kanta."

Mata suka rangaɗa guɗa. Ɗan Juma ya karkata hula.

"Ɗaya tak, Hajiya? Ki dai share firiji."

Washegari gogan naka ya faɗa kantin kayan kamun kifi. Mai kantin ta tambaye shi wane kifi yake nema, ya ce duka. Ta yi haƙuri ta yi masa bayani. A wajejen Lyon, in ji ta, akwai blak-bas, mai laɓewa cikin ciyawar tafki da ƙarƙashin itatuwan da suka faɗi. Ana yaudararsa da ɗan kifin roba, a ja kaɗan, a dakata, a sake ja. Akwai kuma turwit, kifin rafi mai sanyi, mai ido kamar na shaho. Shi sai zare siriri kamar gashin kai, da 'yar ƙugiya da aka yi wa ado da gashin tsuntsu ta zama kamar ƙuda. Ta ɗora masa ɗaya a tafin hannu.

Ɗan Juma ya dubi abin, ya dube ta.

"Madam, ni zan tashi tun daga Paris in kai wa 'yar masunci ƙuda?"

Ya wuce can ƙurya inda kayan masu shiga teku suke. Ya zaɓi sanda mai kaurin taɓarya, da zaren da zai riƙe ragon layya, da ƙugiyar da mahauci zai iya rataya cinya a kai. Takardar izinin kamun kifi ce kaɗai matar ta samu ta cusa masa.

Ranar tafiya, da ya tashi aiki da safe, sai ƙafarsa ta bi da shi ta gaban masu sayar da turwit na kiwo. Ya zaɓi wanda ya fi kowanne girma, ya naɗe a leda, ya kwantar a gindin akwatin ƙanƙara, ya jera kwalaben lemo a sama. Ya ce wa zuciyarsa ba don komai ba ne, don dai kada ruwan Lyon ya ba kansa kunya gaban baƙo.

A Lyon Hajiya ta haɗa shi da Guillaume, wani tsohon direban taram, jirgin ƙasa na cikin gari, da ya yi ritaya, wanda kullum a wurinta yake cin abincin rana. Mutum ne mara yawan magana, da fatsa ya girma, da ita kuma ya tsufa. Ya dubi sandar Ɗan Juma ya daɗe, sannan ya tambaya a hankali ko akwai kada a tafkin Miribel, inda za su je, da shi bai sani ba.

Ranar Asabar suka fara da tafkin. Hajiya ta kafa 'yar kujerarta a inuwa. Guillaume ya nuna bakin ciyawa ya ce, "Can za ka jefa, a hankali, ba hayaniya."

"Na sani," in ji Ɗan Juma.

"In ya taɓa kada ka fizga nan take."

"Na sani, na sani. Tsoho, matsa ka ga asirin kakana."

Ya kwance wani ƙulli: dusa ce da ƙuli-ƙuli da daddawa, an cuɗa. Ya shiga watsawa cikin ruwa da hannu bibbiyu yana kiran kifi da kirari. Aka kuwa amsa kira. Agwagin tafkin kaf suka taso, na kusa da na nesa, suna ihu kamar ranar rabon gado. Bayansu ga wata ƙatuwar farar tsuntsuwa mai dogon wuya, irin wadda masoya ke ɗaukar hoto da ita. Ta cinye na ruwa, ta hau tudu ta nufi ƙullin. Jikan Sarkin Ruwa ya ce mata "kss", ta buɗe fukafukai ta mayar masa da "kss" ɗin da ya fi nasa. Sai da suka zagaya motar Guillaume tana saran bayansa kafin ya tuna ya jefar da ƙullin.

"Gwaji ne," ya ce yana haki. "Sai an san halin tsuntsun wuri ake sanin halin kifinsa."

Ya ɗauki sanda ya wulwula ta bisa kai don ya yi jifa. Ƙugiyar mahauta ta kama gefen babbar rigarsa ta baya, ta ɗago ta, ta kife masa a ka. Sauran yinin Guillaume ya ƙare shi yana warware zare daga mutum da itace. Hajiya ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa don dariya.

Ranar Lahadi sai rafin turwit, can gindin duwatsu gabas da birni. Ruwa ne garai-garai, kana ganin tsakuwar ƙasansa, da sanyin da ke shiga ƙashi. Irin wurin da mutum ke tsayawa ya tuna mutanensa da suka riga shi. Guillaume ya ara wa Ɗan Juma wandon roba mai kaiwa ƙirji, ya yi masa nasiha da raɗa: a sa tufa mai duhu, a taka a hankali, a fuskanci inda ruwa ke fitowa, kada inuwar mutum ta faɗa kan ruwa, domin turwit na ganinka tun kafin ka gan shi.

Ɗan Juma dai farar shadda ya sha, mai ƙyalli, wai ranar sa'a ce. Ya tsunduma cikin rafin kamar saniya ta ga mashaya, ya ciro waya ya kira abokinsa Mamadu a Paris, ya ɗaga murya yadda ko duwatsu sai da suka amsa.

"Mamadu! Ka gan ni cikin fama! Ka ce wa mutanen masallaci su fara neman goro!"

Guillaume ya ga inuwoyin kifi suna ficewa ɗaya bayan ɗaya, ya rufe ido kamar mai ciwon haƙori. Ba a jima ba santsin dutse ya kwashe gwanin, ya zauna daɓas, ruwan sanyi ya cika wandon roba tun daga ƙirji har yatsun ƙafa. Da aka jawo shi tudu, tafiya yake kamar salka ta yi ƙafafu.

Rana ta karkata. Hajiya ta dubi sama ta ce, "Malam Ɗan Juma, jirginka na yamma ne ko?"

Ɗan Juma ya dubi ranar, ruwa na zuba daga wandonsa. Ya ga Umar Faruk yana nisa, ya ga ɗakinsa na Paris, da tukunya ɗaya da cokali ɗaya.

"Hajiya, idanu ne suka yi wa kifin yawa. Akwai addu'ar da ba a yi gaban jama'a. Ku ba ni wuri."

Ya sungumi akwatin ƙanƙara, wai ƙishi, ya bi bakin rafi ya sha kwana bayan wasu itatuwa. Ya zaro mutumin Rungis daga leda, ya soka masa ƙugiya a leɓe, ya sake shi cikin ruwa. Igiyar ruwa ta ja shi ƙasa har daidai inda su Hajiya suke. Sai Ɗan Juma ya fito da gudu yana turjiya, sanda a sama.

"Ya kama! Wayyo ƙarfi! Hajiya, tashi ki ga aikin maza! Kai, ɗan banza, yau ka gamu da ubangidanka!"

Ya ja, ya saki, ya durƙusa, ya tashi, shi kaɗai yake kokawarsa. Hajiya ta miƙe tsaye, kuma wallahi fuskarta ta yi haske, don kifin ya yi walƙiya a ruwa kamar azurfa. Guillaume ya faɗa rafin da 'yar komarsa ta hannu, ruwa ya fallatsar masa a tabarau, ya tare kifin.

"Oh là là! Tun ina yaro nake zuwa nan ban ga irinsa ba! Bravo, Malam!"

"Ƙaraminsu ne," in ji Ɗan Juma. "Miƙo shi in sa a leda."

"Leda?" Guillaume ya janye komar. "A'a, a'a. Nan ba a kashewa. Ba ka ga allon da ka rataya hularka a kai ba? A nan in ka kama sai ka mayar."

To abokina, haka al'adar take a wasu rafukan ƙasar nan, kuma doka ce. Mutum zai sayi kaya masu tsada, ya yini cikin sanyi, in ya kama kifi ya jiƙa hannu don kada ya ɓata masa santsin jiki, ya cire ƙugiya a hankali, ya yi masa godiya, ya sallame shi. A yi wa mutumin Damagaram wannan bayani sau goma, zai ɗauka ba'a ake yi masa. Duk dabarar da Ɗan Juma ya ƙulla, bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai wanda zai nemi kifinsa ya sake yin iyo ba.

"Tsoho, ba ni kifina. Ni na kama, ni na san halinsa."

"Kada ka taɓa shi da busasshen hannu! Dubi yadda ka gajiyar da shi, ko motsi ba ya yi."

Guillaume ya durƙusa cikin ruwa, ya zare ƙugiyar yana tsaki, ya tallabi kifin da hannu biyu, ya fuskantar da kansa inda ruwa ke fitowa don ya sha iska ya farfaɗo. Yana lallashinsa kamar jariri. "Doucement, a hankali. Yi numfashi, ɗan'uwana. Kai, jikinsa ya yi sanyi ƙwarai."

"Ruwan ne da sanyi," in ji Ɗan Juma.

"Ya sandare fa."

"Taurin kai ne. Haka manyansu suke."

Tsohon ya sassauta hannu don ya gani ko zai tafi. Kifi ya mirgina ya juya ciki sama. Guillaume ya yi maza ya tallabo shi ta ƙasa, sai yatsunsa huɗu suka shige ciki gaba ɗaya. Ya tsaya cak. Ya cire tabarau ya goge a kafaɗa, ya mayar, ya ɗago kifin. A tsage yake tun daga maƙogwaro har cibiya, an kwashe kayan ciki, an wanke tas, aikin gwanin wuƙa. Ruwan da ya shiga ta baki yana zuba ta ƙasa kamar mazurari.

Hajiya ta tako har bakin ruwa, ta karɓi kifin, ta leƙa cikinsa, ta shinshina.

"Ikon Allah," ta ce. "Ubana ya yi shekara da shekaru a kan ruwa, bai taɓa samun kifi mai ladabin wannan ba. Ya ji Malam Ɗan Juma na tafe, ya feɗe kansa, ya yi wanka, ya zo."

"Hajiya, ai tsoro ne. Kakana ma wani lokaci..."

"Bar kakan nan ya huta, bawan Allah, ya sha wahala yau."

Ta miƙa wa Ɗan Juma kifinsa, ya rungume shi a kan farar shadda, wandon roba na ɗiga. Ta naɗe kujerarta, ta juya wajen tsohon.

"Kawu Guillaume, dokar wurin nan ta yi mini. Ni ma na kama wani babba tun daga Paris, na duba shi da kyau, ba na ci ba ne. Jiƙa hannunka ka ɗauke shi a hankali, ka kai shi tasha, ka fuskantar da kansa arewa wajen Paris, ka sake shi."