Rasuwar 'Yar Baure, Wuƙar Adawiyya Mai Tuwo

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, Adawiyya mai tuwo ta bakin tashar Daura tana sanar da 'yan'uwa da masu cin gandarta rasuwar wuƙarta, wadda aka fi sani da 'Yar Baure.

An haifi marigayiya a garin Baure, a maƙerar Hamma, mahaifin Adawiyya, daga guntun sifirin mota. Adawiyya ba ta yi boko ba, amma tana tsaye aka yi abin. Baba ya shafe bayan wuƙar da yumɓu, ya bar bakin tsirara, ya gasa ta sai da ta yi ja kamar gauta, sannan ya tsoma ta a ruwa. Ta yi kukanta na farko: cuuu! Bakin ya sha ruwa ya yi tauri, bayan da yumɓu ya rufe ya zauna da laushinsa. Ita ce aikinsa na ƙarshe kafin Allah Ya karɓi abinsa.

Haka ta rayu, baki kaifi, baya haƙuri. An sha dukan bayanta da guntun taɓarya don fasa ƙafar saniya, ba ta taɓa tsagewa ba. Kan albasa kuwa, tsat-tsat-tsat, har maƙwabta sun san an fara girki.

Ciwon ajali ya same ta a hannun maigida, Malam Sha'aban. Silifansa ne ya tsinke. Ya duba gidan kaf bai ga ƙarfen liƙi ba sai ita. Ya cusa ta a garwashi har ta yi ja, ya liƙe robarsa, ya yar da ita cikin toka ta huce a hankali. Ya ce ai ƙarfe ƙarfe ne.

Tun ranar bakinta ya mutu. A wasa ta da safe, kafin azahar ta lanƙwashe a kan ganda. An kai ta Baure neman magani, aka tarar yaran Baba duk sun koma walda. Ɗaya ya gwada, ya gasa ta ya tsoma ta a ruwa tsirara ba yumɓu. Ta ce ƙas, ta rabu biyu.

Ta bar ƙotarta, da dutsen washi da ya rame a hidimarta, da wasu wuƙaƙen kasuwa masu ƙyalli da ba su iya ko kuɓewa ba. Ganda da ƙafar saniya an daina sai yadda hali ya yi. Adawiyya ta gaji, ba za ta yi faɗa da kowa ba.

Za a binne marigayiya ranar Juma'a bayan la'asar, a kangon maƙerar Baba. Masu ta'aziyya su zo tasha, kowa da yankakkiyar albasarsa. Malam Sha'aban ne zai ɗauki gawa. A zo masa da aron takalmi, don silifan ya sake tsinkewa tun kafin a yi addu'ar uku.