Ta'aziyyar Honarabul Sallau

Ina so a buga wannan yadda na rubuta shi, kada a rage ko wasali ɗaya, domin mutumin da abin ya shafa yana karanta jaridar nan, ko in ce ana karanta masa.

Garinmu yana bakin iyaka, can arewacin Katsina. In ka tsaya bayan makarantar firamare ka dubi arewa, za ka hango hasumiyar masallacin Gidan Barmo, wanda ke cikin Nijar. Matanmu sukan ɗora wake a wuta, su je barka can a wata ƙasa, su dawo bai gama nuna ba. A Gidan Barmo ƙanwata Tsahara ta yi zaman aure shekara arba'in da ɗaya, har ranar da Allah ya karɓi ran mijinta, Malam Lawali, a farkon daminar bana.

Malam Lawali yana da ɗan ƙanwa, Sallau, wanda uwa da uba suka rasu suka bar shi yana shekara huɗu. A ɗakin Tsahara ya tashi. Ita ta yi jinyarsa da ya yi ƙyanda, ita ta wanke masa fitsarin kwance har ya kusa isa kaciya. Da ya girma ya dawo garinmu, garin ubansa, ya shiga siyasa, yanzu kansila ne. In ka kira shi Sallau kawai ba ya waiwayowa, sai ka ce Honarabul.

Aka yi jana'iza, ba Sallau. Aka yi sadakar uku, ba Sallau. Aka yi ta bakwai, har mai sayar da gishiri a kasuwarmu ya je ya yi gaisuwa, shi dai shiru. Duk ranar da na je, Tsahara takan tambaye ni, "Yaya, Sallau ko lafiya?" Daga baya ta daina tambaya. Wannan daina tambayar ce ta hana ni sukuni.

Ana saura kwana biyu sadakar arba'in, na same shi da hantsi a majalisarsa, ƙofar shagon mai shayi, 'yan koransa sun kewaye shi. Na yi sallama, na ƙi zama.

Na ce, "Sallau, kawunka ya rasu kwana talatin da takwas. Me ya hana ka yi wa matar da ta raine ka ta'aziyya?"

Ya gyara hula ya ce, "Haba Malam, wa ya faɗa maka ban yi ba? Ai tun washegarin rasuwar na yi. Ta waya."

"Ta waya?"

"Ƙwarai. Minti goma sha ɗaya muna magana. Wallahi Inna ta ba ni tausayi. Ina cewa Allah ya jiƙan maigida, sai ta ƙwalla ƙara ta yi ta kuka. Na yi ta ba ta haƙuri, na ce duk mai rai mamaci ne, har katina ya ƙare."

'Yan koransa suka ce, "Allah sarki! Honarabul akwai zumunci."

Ni na san Tsahara. Ranar da aka fitar da gawar ma ba wanda ya ji muryarta. Na miƙa hannu na ce, "Ba ni wayar."

Ya ba ni yana murmushi, irin na ɗalibin da ya tabbata ya ci jarrabawa. Na sa tabarau. Ga suna nan, Inna Tsahara, ga kiran, ga minti goma sha ɗaya, bai yi ƙarya ba. Sai na duba lambar. Ta fara da sifili, takwas, sifili.

Na ce, "Wa ya ba ka wannan lambar?"

"Wanda ya kawo saƙon rasuwar. Amma mutumin bai iya aiki ba, Malam. Guda takwas kawai ya karanta mini. Na ƙirga, na ga saura uku ta cika sha ɗaya, sai na gane farkon ne ya manta, na cika mata da sifili takwas sifili. Nan take ta shiga."

Ya faɗi wannan yana kallon jama'a, yana jiran a yaba masa.

Sai da na nemi benci na zauna. Mutumin da aka yi wa kaciya a Gidan Barmo, wanda ya sha fura da sefa kafin ya san kalar naira, shi ne bai san lambar wayar Nijar guda takwas ce ba.

Na ce, "Saurara, tunda ba ka saurara ba lokacin da ya kamata. Kowace ƙasa da tsarinta. Tamu sha ɗaya ce in ka haɗa da sifilin farko, kuma lambar ƙasarmu biyu, uku, huɗu. Tasu takwas ce cif, ba sifili a gaba, lambar ƙasarsu biyu, biyu, bakwai. In za ka kira can, alamar tarawa za ka sa, ka sa biyu biyu bakwai, sannan takwas ɗin. A zamanin wayar girke ma, wanda zai kira Kano daga Katsina ya san sai ya fara da lambar Kano, ba ya ƙirƙiro tasa. Kai ba cika lamba ka yi ba. Sabuwar lamba ka ƙera, ta wani bawan Allah a cikin Najeriya."

Ya ce, "Malam, ai mace ce ta ɗauka, kuma da Hausa ta amsa."

"Mace ɗaya ce mai jin Hausa a ƙasar nan?"

Mai shayi ya daina kaɗa ƙwai.

Ina riƙe da wayar sai idona ya kai kan wani abu. Ƙarƙashin sunan Inna Tsahara, kira ashirin da uku sun shigo, ba a ɗauki ko ɗaya ba.

Na ce, "Wannan fa? A saninka Innarka ce ke kiranka tana cikin takaba, sau ashirin da uku, ba ka ɗauka ba?"

Ya sosa ƙeya. "Ka san harkar jama'a, Malam. Na zaci wata buƙata ce."

Na danna kiran, na buɗe murya yadda kowa zai ji. Ƙara ɗaya aka ɗauka. Muryar namiji ce, ga rugugin babbar mota a bayanta.

"Yawwa! Alhamdu lillahi! Yau Allah ya kama mini kai. Kai ne ka kashe ni?"

Na ce, "Bawan Allah, yi haƙuri, da wa nake magana?"

"Da mamacin kake magana! Isiyaku direba, daga Funtuwa. Wayar matata ce, na karɓe ta musamman don jiran kiranka. Ina hanyar Legas da lodin albasa, ka kira iyalina ka ce Allah ya jiƙan maigida. Matar nan sai da aka zuba mata ruwa. Wayata ba caji, aka neme ni aka rasa. Na dawo bayan kwana biyu na tarar da rumfa a ƙofar gidana, an shimfiɗa tabarmi, surukina yana karɓar gaisuwata. Da na yi sallama, liman ne ya fara tsallake kwata!"

Dariya ta ƙwace wa mai shayi, ya shige shago. 'Yan koransa suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa.

Na ce, "Malam Isiyaku, ba ni ba ne. Ga mai aikin nan kusa da ni, kansila ne."

"Kansila? To ba shi. Ranka ya daɗe, don Allah in za ka sake kashe wani, ka riƙa tambayar sunansa tukuna."

Sallau ya karɓi wayar ya kashe, ya ce sabis ne ba kyau.

Na miƙe na ce masa, a gaban mutanensa, abin da nake nema ba mai yawa ba ne. Jibi ya zo sadakar arba'in, ya shiga har ƙofar ɗakin Tsahara, ya durƙusa, ya ce ya yi laifi. Ba jawabi, ba kame-kame. In bai yi ba, zan rubuta abin da ya faru da sunansa a jarida. Kuna ganin rubutun, kun san yadda ta kaya.

Zuwa dai ya zo. Sai da aka shafa fatiha aka fara raba waina sannan motarsa ta tsaya, ya fito da malum-malum mai sitaci, mutum biyu na take masa baya. Ya bi dattawa da musafaha kamar ranar kamfe. Na kama hannun rigarsa na ja shi cikin gida.

Tsahara tana zaune kan tabarma a bakin ƙofarta, carbi a hannu, mata sun cika tsakar gida. Ta ɗago ta dube shi sau ɗaya, ta mayar da ido kan carbinta.

Ya ɗan rusuna, gwiwa ba ta taɓa ƙasa ba, saboda sitaci.

"Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Kawu."

Ta ce, "Amin. Wane ne?"

"Ni ne, Inna. Honarabul. Sallau."

"Ayya, Sallau. Ashe kana ƙasar."

Na yi gyaran murya don ya tuna abin da muka yi da shi. Sai ya zaro waya daga aljihu, ya juya yana nuna wa mata.

"Inna, wallahi ni na riga kowa yin ta'aziyya, ga shaida nan, minti goma sha ɗaya. Matsalar daga tsarin wayar ƙasarku ne. Ina dalili ƙasa guda a ce lambarta takwas? Ni takwas aka ba ni, na ga ba ta cika ba, na cika. In da an ba ni cikakkiya, da tuni kin ji ni."

Tsahara ta ja carbi ɗaya, ta ja na biyu, sannan ta ce, "Ita lamba an ba ka takwas ka ce ba ta cika ba. Ƙafa fa, Sallau, guda nawa kake jira a cika maka?"