Ranar da Ƙasa ta Motsa a Aji Biyu

Ina koyar da 'yan aji biyu a wata firamare a Bolari, kuma a ranar, darasin girgizar ƙasa muke yi. A waya kawai na taɓa ganinta, amma na zage ina bayani kamar a tsakar gidanmu aka saba yi.

"Idan ƙasa ta motsa, kada wanda ya gudu," na ce, ina dukan allo. "Ku shige ƙarƙashin benci, ku dafe ƙeya, ku riƙe ƙafar bencin. Matsoraci ne ke gudu."

Ban rufe baki ba na ji wani rugugi yana tasowa ta tafin ƙafata. Tagogi suka hau karkarwa, ruwan gorata ya kama rawa shi kaɗai. Ashe ƙasar nan da muke takawa da gadara, riƙe mana ita ake yi!

Ban san sanda na kai bakin titi ba, da takalmi ƙafa ɗaya, ina salati. Nan na tarar da injin daddaɓe hanya yana aikinsa, direban har da ɗago min hannu.

Da na koma, ajin tsit. Yara arba'in a ƙarƙashin benci, kowa ya dafe ƙeya, babu mai motsi. Can sai ƙaramarsu, Rifkatu, ta ce, "Malam, mu fito?"

Yau shekara uku. Ko tirela ce ta wuce, sai hedimasta ya leƙo ajina: "Malam, a dai tafi da takalmin duka biyu."